Shekarar da Na Yi Ƙiba Ina Jin Yunwa

Bazara ce irin mai jan ƙafa. A bana hadari ya sha haɗowa daga gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta kore shi, mu kwana cikin gumi. Ruwan randa kansa ya daina sanyi. Ƙyauren ƙarfe na gidanmu a Ƙofar Kware, in rana ta take, sai da gefen zane ake tura shi. Mutane sun yi laƙwas, ko gaisuwa ba a ja da tsawo, kowa idonsa na sama.

Cikin wannan zafin na soya man shanu. Wata Bafulatana da muka daɗe tare ce ta kawo mini ɗanye, ɗan kaɗan, ta ce shanun ba su da nono sai an yi ruwa. Na soya shi da albasa yadda Innata take yi, na tace, ya cika kwalba guda, na ce wannan ta Luba ce. Luba ɗiyata ce ta uku, tana aure a wajen Sama Road, can kuma ofishin da take aiki yake. Na daɗe ban leƙa ta ba. Tun bayan sunan ƙaramin ɗanta sai dai waya.

Na same ta a falo ta dawo daga aiki, fanka na ta juya iska mai zafi. Da ta miƙe ta tare ni na ga ta ƙara jiki sosai, wuya ya cika, hannun riga ya kama ta. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Masha Allah, Luba, kin cika ɗaki. Gidan ga ya karɓe ki."

Ta yi murmushin yaƙe, ta karɓi jakata. "Mama ke nan. Ni da nika neman hanyar ragewa."

Da na sha ruwa na huta, na ciro kwalbar na miƙa mata. Ta buɗe, ta kai hanci, ta lumshe ido, sai kuma ta yi maza ta rufe kamar an kama ta da laifi.

"Mama ki yi haƙuri, ki kai ma yayata Nana. Ni na bar cin mai."

"Kin bar cin mai? Wani azumin mai anka soma ban ji ba?"

Ta yi dariya, ta gaya mini. An auna jininta a asibiti, an ce sukari ya fara hawa, in ba ta rage jiki ba zai zame mata ciwo. Ƙawayenta na ofis kuwa duk bakinsu ɗaya, mai shi ne ke zama kitse a jiki. Sai ta yanke shi gaba ɗaya. Ta ja ni kicin ta nuna mini. Galan ɗin man gyaɗa na can saman kabad, sai an taka kujera ake sauko da shi don tukunyar maigida da yara. Tata tukunyar daban, farar shinkafa da miyar da aka dafa da ruwa zalla. Ga taliya, ga burodi, ga kwalin biskit, ga robobin yogot jere a firji. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci bai kai ga Turanci ba, ita ta karanta mini abin da aka rubuta a jikinsu, wai duk ba mai a ciki. Na ɗanɗana yogot ɗin a bakin cokali. Zaƙi kamar alewa.

Muka koma falo muna hira, tana ta kai hannu kwalin biskit, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ma san tana yi ba. Da ta ɗaga kofin shayi na ga hannunta na ɗan rawa. Leɓenta ya bushe.

"Abin da ban gane ba Mama, tun da na bar man ga, sikeli gaba yake yi. Kuma kullum kamar ban ci komi ba."

Cikin dariya ta faɗa, ni ma na taya ta. Sai jaririn ya farka da kuka, zancen ya yanke. Na mayar da kwalbata jaka na yi sallama.

A cikin napep na ɗora jakar a cinya. Man ya narke da zafi, ƙamshinsa na fitowa ta gefen marfi. Ba mu kai gida ba na tuna ba ni ce uwa ta farko da ta fito daga gidan ɗiyarta da kwalbar man shanu a hannu ba.

Shekarar da na yaye Luba ce. Daminar da ta gabace ta ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, aka girbe kara da ƙaiƙayi. Bazarar da ta biyo baya ta zo da irin zafin bana, har ma ta fi, don a lokacin ba fanka, sai mafici. Baban su Luba mahauci ne. Yakan dawo daga mayanka ya ce shanun da ake korowa daga daji fata ce da ƙashi, a feɗe sa guda ba a samu kitsen da za a shafa wa wuƙa ba. Ana cikin haka wani bijimi ya fizge igiya ya maka shi da ƙasa, ƙafarsa ta karye. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ta da kara, ya ce kada ya taka sai ya ba shi izini. Ya kwanta a kan tabarma, bazara ta kwanta a kanmu.

Gidan yawa ne. Akwai Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifin maigidana, tsohuwa mai kaifin baki da taushin zuciya. Akwai Tumba, matar ƙanen maigidana, tana da ƙaramin ciki. Ƙanen shi ke riƙe da wurin sana'ar, amma abin da yake kawowa bai isa gida ɗaya ba balle biyu.

Gero ya fi ƙarfinmu. Abin da ke da araha a kasuwa shi ne garin rogo, wanda manyan motoci ke kawowa daga kudu. A da muna ganinsa abincin baƙi ne, amma a shekarar muka koyi tuƙa teba har muka ƙware. Don a samu na gishiri da itace, Gwaggo ta ce mu fara kunun zaƙi na sayarwa.

Haka ranakunmu suke tafiya. Da asuba ni da Tumba mu je rijiya, wadda ta yi ƙasa har guga na ɗebo laka, mu jera bokitai a bar su su kwanta. Mu wanke dawar da muka jiƙa, mu niƙa a dutse da citta da kanumfari, mu tace gasara, mu dama, a zuba sukari. Kafin hantsi Gwaggo ta ɗauki kujerarta ta zauna a bakin zaure da tukunya da ludayi, tana yi wa masu wucewa tsiya suna saye. Mu kuma a ciki mu jiƙa gari da ɗan sukarin kunun mu karya. Da rana teba da miyar kuka. Da dare teba da miyar kuka. Miyar kuwa gishiri ce da barkono da kanwa, ka leƙa tukunya ba za ka ga ɗigon mai ko ɗaya yana yawo a sama ba. In an samu ɗan wake ko ƙuli-ƙuli, na majinyaci ne, don mai ɗori ya ce ƙashi na so, abin da ya rage a ba yara.

Kunun ba kullum yake ƙarewa ba, kuma zafi ba ya barinsa ya kwana. Da yamma Gwaggo ta shigo da tukunya ta dire a tsakar gida.

"Ku shanye. Hatsi na. Ba a zubda hatsi shekarag ga."

Tumba cikinta ba ya son zaƙi, ko warinsa ta ji sai amai. Gwaggo kuwa cinta bai fi na tsuntsu ba. Yara su sha su bari. Ni ce mai shanyewa.

Na san yunwar azumi, na san yunwar da tukunya ba ta hau murhu ba. Wannan daban ce, kuma har yau ban iya kwatanta ta yadda ya kamata ba. Sai in ci teba har cikina ya ɗaure tam kamar ganga, amma bakina bai yarda an ci abinci ba. In tashi daga kan kwano, wani barci mai nauyi ya danne ni a inda nake zaune. In farka hannuwana na rawa, gumi mai sanyi na keto mini cikin wannan zafin, ba abin da nake gani a idona sai buhun gari. In shiga ɗaki in damƙo busasshe in watsa a baki, in kora da ruwa. Kafin la'asar na sake komawa. Fatar jikina ta yi fari fat kamar an barbaɗa mini toka, dugadugaina suka yi faso, gashina na karyewa a hannun mai kitso.

Amma zane ya fara ƙin zagaye ni. Wanda nake ɗaurawa ya rufa har ya yi saura, sai ga shi da ƙyar bakinsa ke haɗuwa. Awarwarona ya maƙale a wuyan hannu, sai da Tumba ta sa sabulu ta murza ta fitar da shi. In na je suna a maƙwabta, mata su bi ni da kallo.

"Matar mahauci ba ta san ana yunwa ba."

In yi murmushi in sunkuyar da kai. Gwaggo ma da ta san komai ba ta bar ni ba.

"Kulu, ki hwaɗa mani gaskiya tsakani da Allah. Wata tukunya gare ki ƙarƙashin gado ba mu sani ba?"

Ruwan farko ya zo a makare, da tsakar rana, bayan mun fid da rai. Iska ta fara kwashe faifai da tabarmi, sai ƙamshin ƙasa, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Muka fitar da duk wani abu mai baki muka tara, har turmi. Maigidana ya ce a jawo tabarmarsa bakin ƙofa, ya miƙa hannu waje ruwa na dukan tafinsa. Mun yi murna ƙwarai. Sai dai ruwan farko ba abinci ba ne. Tsakanin shuka da sabon hatsi nan ne wuyar take.

Cikin wannan tsakanin aka aiko daga ƙauyenmu cewa Inna na tafe. Ta ji labarin karayar surukinta, za ta zo dubiya, daga nan ta wuce wajen ƙanwata Saratu da ke aure a wata unguwa.

Gwaggo ta tara mu a gindin murhu.

"Suruka na tahe. Wallahi ba ta ganin tukunyag ga haka, ina raye. Kowa ta hiddo abin da ta ɓoye."

Haka al'adar gidan take tun kafin a kawo ni. In uwar ɗaya daga cikinmu za ta zo, to baƙuwar kowa ce, kuma asirin da za a rufa na kowa ne. Tumba ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar kwalba, ɗan man gyaɗa ne a gindinta wanda take tattali don ranar haihuwa. Na ce ta bar shi, ta ce in rufe mata baki. Gwaggo ta kwance wani ƙullin tsumma, ga daddawa ga wani busasshen nama da ban san tun yaushe yake ajiye ba. Maƙwabciyarmu ta miƙo shinkafa ta kan katanga. Muka tuƙa tuwon shinkafa, muka yi miya wadda mai ya taso a kanta ja-ja. Aka yi wa maigida aski aka sa masa rigar Juma'a. Da na juye man Tumba a tukunya, abin da ya rage jikin cokali na lakace na shafa a fuska da hannuwa, don kada Inna ta ga farin fatata.

Ta iso da hantsi, ƙafafunta duk laka, ƙunshi a ka. Ta rame har na tsorata, zanenta na yawo a jikinta. Suka gaisa da surukinta ta bayan labule, ya ce da sauƙi, ya ce ƙanensa na kula da komai, ba abin da muka nema muka rasa. Sannan ta shigo ɗakina ta zauna.

Uwa irin tamu ba ta tambayar ɗiyarta yadda gidan miji yake. Kallo take yi. Ta dubi wuyana, ta dubi damatsana, ta kamo naman hannuna ta ɗan matsa. Sai na ji ta sauke numfashi mai tsawo.

"Alhamdu lillahi. Kulu, duk hanya ina ta tunanin yadda zan iske ki. Yanzu hankalina ya kwanta."

Na kawo mata tuwo. Ta yi 'yan lomomi ta tura wa yara, ta ce ta ƙoshi. Ta wanke hannu ta jawo ƙunshinta ta kwance. Kwalba ce, an toshe bakinta da totuwar masara an naɗe da tsumma. Man shanu ne, ya narke, rawaya kamar ƙwanduwa. Da ta ɗan sassauta totuwar don ta ga ko ya zube, ƙamshin ya cika ɗakin. Yawu ya taru a bakina, sai da na haɗiye sau biyu kafin in iya ɗaga kai.

"Guda ɗai nis samu," in ji ta. "Saniya guda ta rage mani, ita ma da ƙyar. Na so in raba maku ke da Saratu. To amma ke, matar mahauci, mi za ki yi da ɗan man ga? Ga miyarku nan mai har yana kwance. Saratu kuwa an ce ta koma kamar sillen kara. Ko mi kinka gani?"

Ta tambaye ni. Wannan ba zan taɓa cewa ba ta yi ba. Tana kallona tana jira. A bayan labule ina jin tarin maigidana, yana sanye da rigar Juma'a. A tsakar gida ina jin Tumba na kankare tukunyar da ta cinye manta.

Na ce, "Haka na, Inna. Ki kai mata."

Luba a lokacin tana tatata. Ta zo ta dafa gwiwar kakarta ta kai hannu ga kwalbar. Inna ta yi dariya, ta ce ja'ira ta san daɗi, ta tsoma ɗan yatsa ta lakato ta sa mata a baki. Yarinyar ta tsotse yatsan ta riƙe shi da hannu biyu ta ƙi saki. Wannan shi ne rabon gidanmu a cikin kwalbar.

Na raka ta zaure, na tsaya ina kallonta tana tsallake kwatami da ƙunshi a ka har ta sha kwana. Ban ji haushinta ba, kuma ban ji na Saratu ba, don da gaske Saratu na cikin wahala.

Da na dawo ciki Gwaggo na tsaye tana baza hanci.

"Ina kwalbar da naj ji ƙamshinta?"

"Ta wuce gidan Saratu."

Ta dube ni. Ta dubi tukunyar miya da aka suɗe, ta dubi 'yar kwalbar Tumba a kife a kan turmi, ta dubi tsummanta da ba komai a ciki.

"To madalla da mu," in ji ta. "Mun iya aiki."

Sai ta fashe da dariya. Tumba ta kama, ta riƙe ciki tana cewa a bari kada a sa ta haihuwa ba lokaci ba. Ni ma na yi ta yi har na zauna a ƙasa, hawaye na wanke ɗan man da na shafa a fuska. Da muka lafa na tashi na shiga ɗaki na damƙo gari.

Sauƙi ya zo a hankali. Ruwa ya zauna. Tafasa da rama da yakuwa suka fito a bayan gida da gefen hanya, zogalen Gwaggo ya yi sabon ganye, muka samu abin tsinka. Shanu suka ci ɗanyar ciyawa suka fara mayar da jiki. Mai ɗori ya kwance karan, maigidana ya fara dogara sanda, wata safiya ya ce shi kam ya gaji da kallon rufin ɗaki, ya tafi mayanka. Da azahar ya dawo da ƙunshi a takarda, ya ajiye a gabana. Ƙashi ne da wani dunƙulen kitse fari.

Har yau ina jin ƙarar kitsen nan a tukunya. Yara suka kewaye murhu, Gwaggo na korarsu da mafici ita ma ba ta matsa ba. Na yi miyar yakuwa da wake, na tuƙa tuwon dawa. Na ci malmala ƙarama, ban ma cinye ba, na ji wani abu ya zauna a cikina ya yi shiru. Na tashi na yi wanke-wanke, na yi wa Luba wanka, na share tsakar gida. Sai da aka kira la'asar ina alwala na tuna ban leƙa buhun gari ba. Na miƙa hannuwana ina kallo. Ba sa rawa.

Da sabon gero ya shigo muka bar sana'ar kunu. Ban yi wani abu don in rage jiki ba, ban ma san ana yi ba. Na dai ga zane ya dawo yana zagaye ni, awarwaro ya koma hannu. Da kaka Inna ta sake zuwa. Tana shigowa ta saki ƙunshinta ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Kulu, mi yas same ki? Kin zube! Ko maigidan na bai koma aiki ba?"

Na rantse mata lafiyata lau, ba ta yarda ba. Kasuwa na zagayowa sai ga aike daga ƙauye, kwalba cike da man shanu, wai in riƙa sa wa a abinci in mayar da jikina. Gwaggo ta karɓa ta juya ta a hannu ta miƙo mini.

"Amshi abinki. Ya zo a makare kamar ruwan bana."

Ban taɓa gaya wa Inna ba. Har Allah ya karɓi ranta, in ana zancen wannan shekarar sai ta ce, "Cikin ɗiyana Kulu ɗai Allah yat tsare." In ce haka ne.

Duk wannan ya dawo mini ina zaune a tsakar gida bayan na dawo daga Sama Road, kwalba a gabana, hadari ya sake haɗuwa ya sake watsewa. Ni ba likita ba ce. Ban san abin da ke faruwa a cikin jini ba, kuma na ga waɗanda maiƙo ya yi wa illa, maigidana ma a ƙarshen rayuwarsa an hana shi kitse. Abin da na sani kaɗan ne. Na san rawar hannun nan, na san bushewar leɓen nan, na san yadda hannu ke zuwa ga abinci ba tare da mai shi ya aike shi ba. Mu a lokacin man ne babu. Ita nata yana saman kabad, ta sa kujera tsakaninta da shi. Mu buhun gari ne a kusurwar ɗaki, ita kwali ne mai rubutun Turanci.

Inna an rufe mata ido ne, mu uku muka taru muka rufe shi da tuwon shinkafa. Luba kuwa ba ta ɓoye mini komai ba. Da bakinta ta ce kullum kamar ba ta ci ba. Na dubi wuyanta da damatsanta na ce masha Allah, na ɗauko kwalbata na taho.

Kafin magariba na tsince wake na jiƙa. Na sa aka tsinko mini zogale a bishiyar bayan ɗaki.

Washegari da na idar da sallar asuba na hura wuta. Na dafa waken har ya yi laushi, na zuba zogale da albasa da ɗan barkono, na sauke, na kawo man shanu cokali guda na zuba a kai ya narke ya bi ciki. Na rufe kwano na ɗaure da ɗankwali, na sa kwalbar a jaka, na fita tun rana ba ta yi zafi ba.

Na same ta a kicin ta shirya za ta ofis, burodi a hannu, ruwan shayi a wuta.

"Mama! Lahiya da sassafen ga?"

"Lahiya lau. Wani abu na manta ban tambaye ki ba jiya."

"Mi ke nan?"

"Luba, kina ƙoshi kuwa?"

Ta buɗe baki za ta yi dariya irin ta jiya, dariyar ba ta fito ba. Ta dubi burodin da ke hannunta. Ta ajiye shi a hankali.

"Mama, wallahi rabon da in ƙoshi..."

Ba ta ƙarasa ba, ta ja gefen mayafi ta danne ido. Na bar ta, na jawo kujerar nan da ake takawa a sauko da galan, na zaunar da ita a kai, na kwance ɗankwalin na buɗe kwano.

"Cokali guda na sa, ba kwalbar duka ba. Ki ci wanga, ki bar biskit ɗin ga a gida yau, ki ga abin da hannunki zai yi kafin azahar. Ranar komawarki asibiti kuma tare za mu. Ki zayyana ma likita duk abin da kike ci, har robobin ga na firji. In ta ce in ɗauke kwalbata, sai in ɗauke."

Ta share hanci. "Ai ta ce in rage shinkafa da burodi. Ni ce na ga kamar mai ya fi laifi."

"To," na ce. Na miƙa mata cokali.

Ta kai na farko baki ta tsaya, tana taunawa a hankali.

"Ƙamshin ga, Mama, kamar na san shi tun da daɗewa."

"Kin san shi. Ci, kada ya huce."

Na ciro kwalbar na ajiye ta cikin kabad daga ƙasa, kusa da gishiri, inda hannu ke kaiwa. Sannan na shimfiɗa ɗankwalina a bakin ƙofar kicin na zauna, ban tashi ba sai da na ji cokali na kankarar gindin kwano.